Shekara Talatin Muna Jin Gida a Rediyo

Wa ya yi wa Malam wanka? Shekara goma da wani abu ke nan ina yi wa kaina wannan tambaya, ban samu mai ba ni amsa ba. Mutumin da ya wanke gawar bayin Allah da ba su ƙirguwa a Bangi, babban birnin Afirka ta Tsakiya, ya naɗe su da hannunsa, ya raka su makwanci, ban san wanda ya zuba masa ruwa ba, ban ma san ko an zuba ba. Abin da na sani bai wuce abin da wani mutumin Gaya ya zo ya faɗa mini a zauren gidan nan ba. Ya ce an ga Malam da safe ya fita da makara shi da mutum huɗu, sun nufi maƙabarta, babu wanda ya dawo. Ranar da na ji, ranar na shiga takaba, don ba wanda ya iya faɗa mini ranar da abin ya faru.

Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Mai rubuta mini wannan ita ce Rifkatu, maƙwabciyata a nan Sabon Garin Wudil, mutuniyar Kaltungo, tana aiki a jami'a. Kirista ce, kuma kamar 'yata take, ita take lura da ciwon ƙafata. Ita ta tsokano zancen. Muna zaune wata la'asar sai ta ce, "Iya, ke kina ina ranar da jirgin nan ya faɗo a Gwammaja?" Na ce ina bakin kaskon waina a Bangi. Ta tambaye ni wani labarin, na faɗa mata. Ta ce, "Ke da kika ce ba ki san shekaru ba?" Na ce ban san su ba, amma duk wani babban labari na san inda ya same ni, da abin da ke hannuna, da abin da Malam ya ce. Shi ne ta ɗauko takarda. In kin ga ina kuka, Rifkatu, ki ci gaba da rubutunki, ba zai hana ni magana ba.

Mun bar gida bayan ciwon bushiya ya ƙarar da shanu, fari kuma ya biyo baya. Malam mahauci ne, da Karar Wudil, kasuwar shanu, yake ci, kilishi ne sana'arsa. An ce masa a Afirka ta Tsakiya shanu ba su da iyaka, masu iya kilishi kuma ba su da yawa. Muna tashar Yola labari na farko ya same mu. Ina zaune kan ƙullin kayana, na ga maza sun taru sun kewaye rediyon mai shayi. Malam ya dawo ya tsuguna kusa da ni ya ce an canza kuɗi, an rufe iyaka, ba shiga ba fita.

Na ce, "To sai mu koma."

Ya ce, "In koma in ce musu me? Kaza ma an yanka mini ta sallama. Ba zan shiga Wudil hannu rabbana ba."

A tashar nan wani mutum mai fara'a, carbi a hannu, ya ce ya san hanyar daji. Kwana uku muna bin sa a ƙafa, mu bakwai, ƙafata ta kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Da muka haye wani rafi ya nuna mana bukkoki daga nesa ya ce, "Ga Kamaru nan, Allah ya tsare gaba." Ya karɓi ladansa, ya roƙi bargon Malam ya haɗa da shi, ya juya. Muka shiga ƙauyen muna sanɗa. Malam ya ce kada in ɗaga murya, kada a gane mu baƙi ne. Wata dattijuwar Bafulatana mai tallan nono ta dube mu ta ce daga ina. Malam ya rage murya ya ce daga Najeriya. Ta ajiye ƙwaryarta ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "To nan ina ne? Kamaru sai kun ƙara wuni guda." Ita ta sauke mu, ta gasa mini ƙafa da ruwan zafi da man shanu. Bayan kwana biyu mijinta ya raka mu har muka ƙetare, Malam ya miƙa masa abin goro ya ƙi karɓa. Har tsufanmu in na so tsokanar Malam sai in rage murya in ce, "Daga Najeriya."

A Ngaundare ta Kamaru muka yi damina biyu, a masaukin baƙi. A nan na koyi aikin da ya riƙe mu. Wata mata 'yar Haɗeja ta rasu wajen haihuwa, ba ta da kowa, matan masauki duk suka noƙe. Wata tsohuwa da ake kira Inna Dudu ta leƙo ta ce, "Ke 'yar Kano, zo ki zuba mini ruwa." Na shiga na riƙa zuba mata. Da muka gama ta kama hannuna ta juya shi ta ce, "Bai yi rawa ba. Za ki iya. Amma ki sani, abin da idonki ya gani a ɗakin nan, bakinki bai gani ba." Shi ma Malam haka aka jawo shi a ɓangaren maza, aka ce mahauci ba ya tsoron jiki. Tun daga nan duk inda muka sauka, shi na maza, ni na mata. Ba a biyanmu, ba mu taɓa nema ba.

Bangi gari ne na ruwan sama da rogo. Mun sauka a unguwar da ake kira Kilomita Biyar, inda Musulmi suka fi yawa. Wata uku ina cin tuwon rogo ina jin kamar ban ci komai ba. Ranar da Malam ya fara kai ni bakin koginsu, na tsaya ina dube-dube. Ya ce me nake nema, na ce gada. Ya kira ni da sunan ƙauyenmu ya ce, "'Yar Kausani, kin zaci duk kogin duniya na Wudil ne? Wancan tsallaken wata ƙasa ce." Na zauna a wurin na yi kuka, shi kuma ya sayo mini kifi soyayye, na ci na ce bai kai namu ba.

Bayan katangarmu akwai wata mata 'yar ƙasar, Kirista, muna kiranta Maman Silbi. Da hannu muka fara magana kafin in ji yarensu. Haihuwa biyu na yi a Bangi, duk Allah ya karɓi abinsa, kuma duka biyun ita ta zauna da ni, tana dafa mini ruwan wanka tana faɗa da ni in ci abinci.

Da kilishi ya karɓu, abin da Malam ya fara saye rediyo ne. Ya rataye shi a jikin rumfa, safe da rana da yamma yana murɗa shi yana neman Hausa. Ta nan muke jin gida. Wata safiya ina tankaɗe sai ga mutanen unguwa sun cika ƙofar gida da kiɗa da rawa, Maman Silbi a gaba, suna kiran Najeriya. Na zaci wani abu ne ya faru, ashe ƙwallo muka ci, wai mun doke duniya. Na ce ni ban ma san an buga ba. Malam ya ji daɗi ya rabar da kilishin ranar gaba ɗaya, washegari yana ta ƙunƙuni wai 'yan ƙwallon ba su san shi ba. Ranar da shugaban ƙasa na soja ya rasu kuwa ina shanya. Malam ya shigo da rediyon a kunne ya ce, "Abubuwa za su canza. Bana za mu koma." Ban san sau nawa na ji wannan bana ba. In shekara ta zagayo sai ya ce abin hannu bai kai ba, ko kuma limamin unguwa ya zo ya zauna ya ce in muka tafi wa zai riƙa yi musu sutura.

Ranar jirgin Gwammaja, wainata ce ta ƙone a kasko ina kallonta. Sau biyu kacal na taɓa shiga birnin Kano, ban san inda Gwammaja take ba, amma da na ji mai labarai yana cewa ya faɗa kan gidajen mutane da rana tsaka, sai na ga tsakar gidanmu ta Kausani, na ga Innata tana sussuka. Ba a yi wata guda ba wani ɗan kasuwa ya kawo mana kaset daga gida, don a lokacin haka muke aika saƙo, mu da ba mu iya wasiƙa ba. Muryar wana ce. Ya yi gaisuwa mai tsawo, ya ambaci kowa, sannan ya ce Inna ta rasu tun kafin azumi, ta bar mini gafara. Na ji wannan sau ɗaya, ban sake son jin sa ba. Amma a bayan muryarsa akwai wata tana daka, akwai kurciya tana kuka. Wannan wurin nake sa Malam ya mayar mini, ya sake mayarwa, har zaren ya tsinke.

Bayan wannan ne Malam ya aiki wani fatake mai zuwa Kano ya sayo masa alawayyo a Kwari, ya biya ta Wudil ya tsinko masa ganyen magarya, don babu ita a can, kuma da ita muke wankan gawa. Ya yanka likkafani biyu, ya ɗinka da kansa, ya miƙo mini ya ce, "Ki adana. In ba mu samu ƙasar Kano ba, mu samu yadinta." Na ce, "Ni ƙasar nake so, Malam." Ya ce in sha Allahu duka biyun.

Sau ɗaya muka shirya da gaske. Tsufa ya zo, idonsa ya fara hazo. Ya sayar da rumfa da gadajen shanya nama, ni na ba Maman Silbi kaskona, mun yi sallama da liman, an yi mana addu'a. Saura kwana shida mu tashi, ranar wata Juma'a da yamma, ina ɗaure tukwane, sai na ji Malam yana salati a tsakar gida. Bama-bamai ne suka tashi a Kano, wuri-wuri, an ce gawa har ba a san iyakarta ba. Kwana uku rediyon bai bar kunnensa ba. A na huɗu ya ce in kwance kaya.

Na ce, "Malam, Kano aka ce, ba Wudil ba."

Ya ce, "Tsakaninsu tafiyar awa nawa ce?"

Na ce, "Ko wuta yake ci gidanmu ne. Mu je mu ƙone tare da danginmu."

Ya ce, "Lafiya na karɓo ki daga hannun babanki, ba zan mayar da ke cikin wannan ba. Bari ta lafa. Nan ai muna zaune lafiya."

Na je na karɓo kaskona. Maman Silbi ta yi murna, ni na kwana bakwai ban yi masa magana mai daɗi ba.

Bayan shekara ɗaya da 'yan watanni, masu bindiga suka gangaro daga arewa suka karɓi mulkin ƙasar. Sun yi ɓarna mai yawa, kuma da yawansu masu salla ne. Da abin ya juya, ramuwar ta faɗo kan duk mai salla, wanda ya ji da wanda bai gani ba. Aka kewaye unguwarmu. Wata rana da hantsi muka ji mai labarai ya ambaci Kilomita Biyar a labaran Hausa, ya ma kasa faɗin sunan yadda 'yan ƙasar suke faɗa. Shekara talatin muna jin labarin wasu a akwatin nan, yau ga namu. Malam ya kashe shi ya ce, "Me zai faɗa mana? Muna gani."

Gawa ake jerawa a harabar masallaci. Tun safe muke shiga, shi can ni nan, sai la'asar. Magarya ta ƙare. Alawayyo ya ƙare a shaguna, aka koma zannuwan gado da labule. Sau biyu Malam ya ce in fito da likkafaninmu a sa wa wasu. Na farko na yi kamar ban ji ba. Na biyu na ce, "Ba zan bayar ba. Komai namu ka bayar, wannan kam na riƙe." Na san halinsa, in na fita zai bincika. Sai na farke matashin kaina na cusa su biyun a cikin audugar, na ɗinke. Ki rubuta wannan yadda na faɗa, Rifkatu, kada ki gyara mini. Ni na ɓoye.

Ana cikin haka Maman Silbi, wadda ta riga ta ƙaura daga unguwar, ta ratso shingen 'yan uwanta da daro a ka, ta ce musu wanki ta manta. Garin rogo ne a ƙarƙashin tsummoki. Ta sauke, ta kama kafaɗuna ta ce, "Ku tafi. Na ji abin da suke cewa. Ku tafi." Ban sake ganinta ba.

Da aka samu manyan motoci da rakiyar soja zuwa iyakar Kamaru, Malam ya naɗe mini tabarma da matashi da zannuwa, ya kai ni har gindin mota. Sai na ga hannunsa babu komai.

Na ce, "Ina naka?"

Ya ce, "Akwai mutum tara kwance a masallaci. Samarin nan ba wanda ya san inda ake farawa. In na nuna wa biyu a cikinsu, zan biyo ayari na gaba."

Na ce, "Matan fa? Wa zai wanke su in na tafi?"

Ya ce, "Matan duk ga su a mota, Uwargida. Aikinki ya bi ki."

Na ce ba zan hau ba. Tun da aka ɗaura mana aure bai taɓa ce mini na umarce ki ba sai ranar. Na hau. Mota ta tashi ina ganin farar hularsa, bai ma tsaya ta ɓace ba, ya juya ya nufi masallaci.

Kwana uku muka yi a hanyar. Muna cunkushe kan buhuna, in an zo gari sai a ce mu sunkuya, mutane na bakin titi suna ihu suna jifa. Maganarsa kuwa ta tabbata, don a rana ta biyu wata tsohuwa ta cika a jikina. Babu ruwan da za a taɓa, sai taimama na yi mata da ƙasar bakin hanya, aka rufe ta da zanenta, direba yana ta danna ham. Daga iyaka aka ɗauke mu zuwa Garwa, daga nan Yola. Tashar da na zauna kan ƙullin kaya ina yarinya, na sake zama a cikinta da furfura, ni kaɗai.

Da muka hau gadar Wudil na gane kogin, amma ban gane garin ba. Aka nuna mini jami'a a inda na bari fili. Wana ya rasu, ɗansa Sani ne ya karɓe ni, shi ya ba ni ɗakin nan. Aka yi mini tuwon dawa miyar kuka, abin da na shekara talatin ina mafarki, na kai loma biyu na kasa. Da na zo kwanciyar rana na jawo matashina, na ji tauri a ƙarƙashin kaina. Wallahi tun daga gindin motar nan ban tuna ba sai a lokacin. Na farke ɗinkin, ga su nan biyu, nawa da nasa, fari tas.

Akwai lambar wayar wani mai shago kusa da masallaci da Malam ya sa aka rubuta mini, na ƙulle a bakin zane. Kwana biyar Sani yana kira ba ta shiga. A na shida, bayan azahar, ta shiga, aka je aka kirawo shi. Muryarsa ta dushe, amma shi ne.

Ya ce, "'Yar Kausani, kin ga gadar taki?"

Na ce na gani. Ya tambayi kowa da suna, na riƙa ce masa wane ya rasu, wane yana nan. Ya ce kogin da ruwa? Na ce ya ja baya, ana noman rani a bakinsa. Ya ce an ce ayari zai tashi wani makon, samarin kuma hannunsu ya fara faɗawa. Sai kuka ya ƙwace mini. Na ce, "Malam, na yi maka laifi. Likkafaninka yana wurina. Na ɓoye shi a matashi don kada ka bayar, na taho da shi ban sani ba. Ka yafe mini."

Sai na ji yana dariya, irin 'yar dariyar nan tasa ta cikin hanci.

Ya ce, "Ashe ya riga ni zuwa gida. To ai ba ni da zaɓi, dole in biyo shi. Ki ajiye mini inda gara ba za ta taɓa ba, ina nan tafe."